Wa Ya San Dajin, Wa Aka Ba Labarin?

  Ina gaida mutanen Ikara da Paki da Auchan. Ina gaida na Makarfi da Gazara da Gimi da Gubuci. Ina gaida na Kudan da Hunkuyi da Likoro. Manoman rake da na tumatir, sannunku da fama. Iyayenmu mata da ke aiki rediyo na gefe, sannunku da gida.

Sharhinmu na yau a kan fim ne. Dattawa, don Allah kada a ce zancen yara ne a murɗa tasha. A ɗan yi haƙuri. Zancen zai yi nisa, amma zai dawo ya tsaya a ƙofar gidanmu. Har sunan Makarfi zai fito a ciki.

Akwai wani irin fim da samarinmu ke ƙauna. Fim ɗin mutumin da ya ɓace a daji, ko a hamada, ko cikin dusar ƙanƙara, a zamanin da ba mota, ba waya, ba asibiti. Ga yunwa, ga ƙishirwa, ga namun daji, ga maƙiya na bin sawu. Mai kallo gabansa na dukan uku-uku, yana jiran ya ga ko mutumin zai kai labari. Irin waɗannan finafinai ana tura su a waya a shagunan bakin kasuwa. Wasu ma an juya su da Hausa. Bayan isha'i za ka tarar da samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya, ba mai ko tari.

Ban ga laifin son su ba. Labarin mutum da wuya yana kama zuciya, kuma akwai darasin haƙuri da tawakkali a cikinsa. Amma akwai tambaya biyu da nake so mu riƙe har ƙarshen wannan sharhi. Wa ya san dajin? Wa kuma aka ba labarin? A yawancin finafinan nan, amsar ba mutum ɗaya ba ne. Wanda ya san dajin yana can gefe. Baƙon da ya shigo jiya, shi aka ba labarin.

To, mu fara daga nesa.

A 2015 aka fitar da wani fim a Amurka mai suna The Revenant. Da yawanku sun gan shi. Leonardo DiCaprio ne jarumin, kuma da shi ya ci kyautar Oscar a 2016. Labarin yana da asali. A 1823 wani Bature mai farautar fatu, Hugh Glass, ya yi arangama da beyar, wata ƙatuwar dabba ta ƙasashen sanyi. Ta yi masa fata-fata. Abokan tafiyarsa suka ga alamar ba zai tashi ba. Suka bar mutum biyu su jira ya cika su binne shi. Mutanen nan suka gaji da jira, suka ɗauke bindigarsa suka yi gaba. Ashe da sauran shan ruwansa. Ya yi ta jan ciki da rarrafe har ya isa wani sansanin 'yan kasuwa mai nisan fiye da kilomita 300.

Yanzu ku tuna wani wuri a cikin fim ɗin. Glass ya galabaita, yunwa ta ci ƙarfinsa. Sai ya gamu da wani mutum ɗan ƙabilar Pawnee, cikin 'yan asalin ƙasar, sunansa Hikuc. Mutumin ya kori kyarketai da wuta daga kan mushen ɓauna, yana cin naman. Ya jefa wa Glass tsoka. Ya ɗauke shi a kan dokinsa. Ya duba raunukan ya ga sun fara ruɓa, ya nemo magani ya sa. Da guguwar ƙanƙara ta taso, shi ya saro rassa ya kafa bukka, ya shigar da Glass ciki ya rufe. Gari ya waye, Glass ya fito da sauƙi. Hikuc kuwa, a rataye ya same shi a bishiya. Wasu Faransawa masu neman fatu sun kashe shi.

Jama'a, ku dubi wannan bawan Allah. Shi ya san naman. Shi ya san maganin. Shi ya san iskar da ke tafe tun kafin ta iso. A fim ɗin an gaya mana shi ma an kashe masa iyali, yana tafe shi kaɗai yana neman sauran danginsa. Ke nan halin da jarumin ke ciki, shi ma yana ciki. Amma mintoci kaɗan aka ba shi. Da ya gama jinyar baƙo, sai aka kawar da shi. An yi masa abin da muke yi wa rake, a tsotse zaƙin a tofar da saura.

A yi wa masu fim ɗin adalci. Sun ɗauki 'yan wasa daga 'yan asalin ƙasar. Sun sa an yi magana da harshen Pawnee da na Arikara. Sun nuna zaluncin masu neman fatu ba ɓoye-ɓoye. In aka gwada da finafinan kaboyi na da, an ci gaba. Amma har yanzu labarin na baƙo ne. Matarsa 'yar Pawnee, a mafarki da tunani kawai muke ganinta. Ɗan da aka ƙirƙira masa, tun da wuri aka kashe shi don a samu dalilin ramuwa.

Akwai misalin da ya fi wannan muni, kuma ya shafe mu. A 1965 an yi wani fim, The Naked Prey. Asalin labarin a Amurka ya faru, wajen 1809, lokacin da mutanen Blackfeet suka tuɓe wani Bature mai suna John Colter, suka ce ya ruga su bi shi. Masu fim suka ɗauko labarin suka dasa shi a kudancin Afirka. Sai ga Bature tsirara yana gudu a dajin Afirka. Mafarautan da aka haifa a dajin suna bin sa, yana kashe su ɗaya bayan ɗaya. Yaron da ya kalli wannan, me zai ɗauka? Zai ɗauka ko a dajin ubanka, baƙo ya fi ka wayo.

Tarihi bai ce haka ba. Da ɗan gari akan ci gari, kuma da ɗan daji akan ratsa daji. Lokacin da Lewis da Clark suka ratsa Amurka zuwa tekun yamma, daga 1804 zuwa 1806, akwai baƙar fata tare da su, bawan Clark mai suna York. Yana farauta, yana ɗaukar kaya. Akwai Sacagawea, yarinya 'yar Shoshone da goyo a baya. Ita ke tafinta, ita ta san saiwar da ake ci. Da aka dawo, sojojin tafiyar suka samu kuɗi da filaye. York ya roƙi 'yancinsa, aka hana shi shekara da shekaru.

Yanzu mu juyo gida, domin abin da ya sa na ɗauko zancen ke nan.

Ƙasar nan da muke zaune a kai hanya ce tun da daɗewa. Tsohuwar hanyar fatake daga Zariya zuwa Kano ta nan ta ratsa, ta bi ta Bebeji. A 1826 wani Baturen Ingila, Hugh Clapperton, ya bi ta zuwa Kano. Daga can ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya rasu a 1827. Baransa Richard Lander ya koma bakin teku, ya rubuta littafi, ya yi suna. To, wa ke yi musu tafinta? Wani Bagobiri ne mai suna Abubakar, Turawa na kiransa Pasco. An kama shi an sayar, har an sa shi a jirgin bayi. Jirgin yaƙin Ingila ya tare su a teku, ya samu 'yanci, ya yi aikin jirgin ruwa. Sannan ya dawo da girmansa ya ratsa ƙasar Yarbawa da Borgu da Nufe da ƙasar Hausa. A 1830 ma yana tare da Lander da ƙanensa lokacin da suka bi Kwara har inda ta faɗa teku. Amma a littafin Lander, tsoho ne mai ban dariya, mai gudu da kayan ubangida, mai yawan aure-aure. Mutumin da ya ga bauta, ya ga teku, ya ga daji, ya tsira daga dukkansu, an mai da shi ɗan barkwanci.

Ga kuma Dorugu. Yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram. Mahara suka kama shi yana ƙarami, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ƙasar Barno. Wani Bajamushe, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, Dorugu da abokinsa Abbega, ɗan Margi, suka bi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Suka je Sakkwato. Suka je Tambutu. Suka komo Kukawa. Suka ƙetare Sahara ta Bilma da Murzuk, hanyar da ƙasusuwan bayi ke zube a bakin rijiyoyinta. Suka isa Tarabulus, suka shiga jirgi. A 1855 suna Landan. Duk wannan Dorugu bai kai shekara 20 ba. A Ingila ya zauna ya ba da labarinsa da Hausa, wani malamin mishan mai suna Schön ya rubuta, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912.

Sunan Barth yana kan titi da cibiyar bincike a Jamus. A Agadas da Tambutu har yau ana nuna wa baƙi gidan da ya sauka. Dorugu fa? Ku tare ɗan sakandare a Hunkuyi ko Ikara ku tambaye shi wane ne Dorugu. Ga labarin yaro da hamada, daga bakinsa, da harshenmu, a rubuce, yana jiran mai kyamara. Wa ya san hanyar, wa aka ba labarin? Tambayar dai ita ce.

Na yi alkawarin sunan Makarfi zai fito. Ga shi nan.

A 1933 aka yi gasar rubuta littattafan Hausa ƙarƙashin Hukumar Fassara a nan Zariya. Cikin littattafan da suka fito akwai Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Waɗanda suka yi makaranta sun karanta shi. Ƙagaggen labari ne, amma an gina shi a kan abin da ya samu dubban mutane a ƙarshen zamanin bauta. Makau, mijin uwar Umar, bafade ne a Kagara. 'Yan'uwansa fadawa suka ƙulla masa sharri, sarki ya kore shi. Ya shiga daji shi kaɗai. Wa ya taimake shi? Maharbi. A ina ya samu wurin zama a ƙarshe? A Makarfi. Uwar Umar kuwa 'yar Fatika ce, nan ƙasar Giwa. Tana cikin shirin bin mijinta aka sace mata yaro. Wanda ya sace shi, kura ta cinye shi a daji. Yaron ya faɗa hannun masu fataucin bayi, ya ƙare wurin wani Balarabe da ya ƙetare hamada da shi.

Uwar ta bi sawu. Mace ita kaɗai, ba dangi, ba dukiya. Ita ma aka mai da ita baiwa. Ta sha wuyar duniya, amma ba ta fasa neman ɗanta ba, har Allah Ya haɗa su a can ƙetaren Sahara, ta gan shi da idonta kafin ta cika. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayarin da Umar ke ciki, shi ya tsira. Ku gaya mini, jama'a, me labarin Hugh Glass ya fi wannan da shi?

A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin nan fim. Da Hausa aka yi shi, da 'yan wasanmu, Umaru Ladan ya fito a Shaihu Umar. Fim ɗin daji da hamada na tarihi ke nan, namu na kanmu, tun kafin a haifi Kannywood. Sai ya ɓace. Aka yi shekaru ana zaton ya salwanta. A 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Wata cibiya mai suna Arsenal a Balin, babban birnin Jamus, ta taimaka aka gyara shi. A 2018 aka haska shi a bikin finafinai na Balin. Jamusawa sun zauna a kujeru sun kalli labarin da ya ratsa ta Makarfi. Mutanen Makarfi nawa ne suka gan shi? Wallahi wannan abu yana ci mini rai.

Amma jama'a, a nan zan juya. Laifi tudu ne. Mun hango na Turawa, bari mu duba wanda muke take.

A cikin Shaihu Umar ɗin nan da nake yabo, daga ina masifar Makau ta faro? Daga hari. Sarki ya tura fadawansa ƙasar Gwari su kamo bayi. Suka kamo. Rigimar duk a kan bayin da aka ɓoye wa sarki ce. To, mutanen da aka kamo fa? Ba mu ji sunan ko ɗaya ba. Ba mu ji ta bakin wadda aka raba da goyonta ba. Ba mu bi wanda ya kuɓuce ya kwana a kan itace ba. Su ne Hikuc na labarinmu. Ko ma ba su kai shi ba, tunda shi an ba shi suna.

Gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci. A ƙarni na 19 daga ƙasar Zazzau an kai hare-haren bayi kudu. Gbagyi da Adara da Kurama da Bajju da Atyap sun hau duwatsu, sun shiga koguna na dutse, don su tsira da 'ya'yansu. Mu ma nan an kawo mana hari. Ningawa sun addabi kudancin Kano da gabashin Zazzau. Maraɗawa sun yi ta kawo farmaki daga arewa. Ganuwar tsofaffin garuruwanmu ba don ado aka gina ta ba. Akwai wata tsohuwa, Baba mutuniyar Karo, da wata Baturiya, Mary Smith, ta rubuta labarinta a nan Giwa tsakanin 1949 da 1950. Baba ta faɗi yadda mahara suka faɗa wa danginta suka kwashi mata da yara, da yadda aka yi ta tara wuri ana fansa. Ta kuma faɗi, ba ɓoyo, cewa gidansu ma suna da bayi a rinji. Wanda aka kama, da wanda ya kama, da wanda ya saya, duk kakannin mutanen jihar nan ne. Fim na gaskiya zai ba kowannensu fuska da suna da baki.

Ku duba finafinanmu na yau. In aka shiga daji, me ake yawan nunawa? Bukkar boka da jan ƙyalle, ko maɓoyar 'yan fashi. In Bamaguje ya fito, da ƙwaryar burkutu a hannu. In Bagwari ya fito, don a yi dariyar Hausarsa ne. In Bafulatani ya fito, ko baƙauye ne da ya shigo birni ya ruɗe, ko mai satar mutane. Alhali Maguzawan nan maƙwabtanmu ne a Ikara da Makarfi da Kudan. Kasuwa ɗaya muke ci, ruwa ɗaya ke dukan gonakinmu. Da wuya ka samu wanda ya fi su sanin ƙasa da itace. Bafulatanin da ke kora shanu kudu da rani ya dawo da damina, ya san kowane mashayi, ya san kowane burtali, ya san ciyawar da ke kashe saniya.

Ba na musun ta'asar 'yan bindiga. Jihar nan ta binne mutane, ta biya fansa. Cikin waɗanda aka sace a jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris na 2022, wasu sun fi wata shida a daji. Daji a wurinmu ba wasan kwaikwayo ba ne. Amma Fulani nawa aka kore wa shanu? Nawa aka sace wa 'ya'ya? In fim ya yi wa ƙabila guda kuɗin goro, ya yi mana irin abin da The Naked Prey ya yi wa Afirka. Bambancin kawai, wannan karon da hannunmu muka yi.

Sai kuma mata. A nan ma muna da bashi. Lokacin yunwar Kakalaba, daga 1913 zuwa 1914, mutane sun kwararo daga arewa suna neman abinci ta wannan gefe. Wa ya riƙe ran yara a hanya? Matan da suka san tafasa da yaɗiya. Matan da suka san 'ya'yan anza sai an jiƙa kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita. Matan da suka tona gidan tururuwa suka ɗebo hatsin da ta tara. Alhazan ƙafa da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur suna shekaru a hanya, da matansu suka tafi. An haihu a hanya, an yaye a hanya, an binne a hanya. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, waɗanda suka ragu sun ci gaba gabas da ɗansa har suka kafa garin Mai Wurno a Sudan. A cikinsu akwai tsofaffi mata, akwai masu ciki, akwai masu goyo. Amma in aka zo fim, rabon mace kuka ne da jiran mai ceto. Uwar Shaihu Umar kaɗai ta isa ta ƙaryata wannan.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, Malam, fim kasuwa ne. Fim ɗin tarihi kuɗi yake ci. Dajin ma yanzu ba ya shiguwa. Duk na yarda. Amma ku saurari wannan.

Mutanen Inuit na arewacin Kanada ba su kai mutanen ƙaramar hukumar Makarfi yawa ba. A 2001 ɗansu Zacharias Kunuk ya fitar da fim mai suna Atanarjuat. Shi ma a cikinsa akwai mutum tsirara yana gudu maƙiya na bin sa, a kan ƙanƙara. Amma mai gudun nasu ne, masu bin nasu ne, harshen nasu ne. Wurin dattawan garinsu aka je aka ɗauko labarin. Matansu suka ɗinka tufafin fata irin na kakanni. Fim ɗin ya ci kyauta a bikin Cannes na Faransa. A Ostireliya kuma, a 2002, an yi Rabbit-Proof Fence. Labarin 'yan mata uku ne 'yan asalin ƙasar da hukuma ta ƙwace daga iyayensu a 1931. Suka gudu. Suka yi kusan mako tara suna tafiya a ƙasa cikin jeji, suna bin wani dogon shinge, biyu suka isa gida. Wanda ya ba da umarnin fim ɗin Bature ne. Amma 'yar babbar cikinsu ce ta rubuta labarin daga bakin uwarta, kuma yaran su ne jarumai daga farko har ƙarshe.

Ke nan ba cewa nake baƙo kada ya taɓa labarinmu ba. Ya taɓa, amma ya zauna a gaban masu shi ya saurara. In kuwa muka yi sake, wani zai yi mana yadda ya ga dama. Mun gani a 2021 da aka saki fim ɗin Amina a Netflix. Sarauniyar Zazzau ce, amma da Turanci take magana, kuma Zazzagawa da yawa sun yi ƙorafi a kan sutura da al'adun da aka nuna. Ƙorafi bayan an gama fim ba ya gyara komai.

Batun kuɗi kuwa, irin wannan fim ba ya bukatar bene ko jerin motoci. Jaki yake bukata, da gora, da ƙyastu, da busasshen rafi, da ɗan wasan da ya iya nuna ƙishirwa a fuska. Duwatsu da fadamu muna da su a bayan gari. Abin da ya fi tsada shi ne sani, kuma sanin yana nan a zaurukanmu kyauta. Sai dai kullum raguwa yake. Tsohon maharbin da zai dubi sawu ya ce wannan gada ce, ta wuce da asuba. Wanda ya san inda za a tona rairayin ƙorama ruwa ya tsattsafo. Jikan madugun da ya ji yadda ake jan ayari zuwa Gwanja neman goro, ina jagaba ke tsayawa, ina uban dawaki, yaya ake ƙetare Kwara da jakuna. Tsohuwar da ta san lokaci da fitowar Gamzaki. Duk wanda aka binne cikinsu ba a ɗauki maganarsa ba, an binne fim guda.

Saboda haka ga roƙona, kuma da shi zan rufe.

'Yan fim na Kano da Kaduna da Zariya, ku waiwayi Dorugu. Ku waiwayi Abubakar Bagobiri da Baba mutuniyar Karo. In za ku sa Bamaguje ko Bagwari ko Bafulatani a fim, ku je wurinsu tukuna. Ku ɗauki ɗansu ya yi wasan, ya yi maganarsa da bakinsa, ku ba shi suna, ku bar shi ya kai ƙarshen labari da ransa. Malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da na Gidan Arewa a Kaduna, ku buɗe wa marubutan fim taskokinku. Hukumar Finafinai ta Nijeriya da shugabannin ƙananan hukumominmu uku, ku haɗa kai ku kawo mana Shaihu Umar. A kafa majigi a fili a Makarfi, a kafa a Ikara, a kafa a Hunkuyi, mu zo da 'ya'yanmu mu kalla.

Ku kuma samari da 'yan mata masu waya a hannu, ban ce ku daina kallo ba. Ku kalla, amma duk fim ɗin daji da kuka kunna, ku nemi wanda ya san dajin, ku ga me aka yi da shi. Sannan kafin Juma'a mai zuwa, kowa ya je wurin tsohon gidansu ko na maƙwabta, Bahaushe ne ko Bamaguje ko Bafulatani, namiji ne ko mace. Ku gaishe shi da ladabi. Ku nemi izini ku kunna wayar. Ku ce, Baba, ko Inna, ba ni labarin wuyar da ta fi kowace a rayuwarku, da wadda kuka ji daga iyayenku. Ku adana abin da kuka ɗauka, ku rubuta sunan mai maganar da garinsu. Dattawa kuma, in yaran nan sun zo, don Allah kada ku kore su.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu da gonakinmu da dazuzzukanmu. Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare a daji a wannan dare.